Wankin Keji da Ingancin Magani



A bayan tsangayar harhaɗa magunguna ko ta koyon likitanci a yawancin jami'o'inmu akwai wani ɗan gini da ba kasafai ake kai baƙi cikinsa ba. Nan ne gidan dabbobin gwaji, inda ake kiwon fararen ɓeraye masu jajayen idanu, manya da ƙanana, da zomaye, da ɓerayen Masar. A jikinsu ake fara gwada magani kafin a yarda ɗan Adam ya kai shi baki. Ɗalibin da ke son sanin ko ganyen zogale na sauke sukari, a nan zai yi aikinsa. Mai maganin gargajiyar da ke neman rajistar NAFDAC, sai an ɗura wa ɓeraye maganin nasa an ga iyakar abin da jiki zai ɗauka. Maganin dafin kububuwa da ake yi wa manoma allurarsa a Kaltungo, a jikin ƙananan ɓeraye ake auna ƙarfinsa kafin a rufe kwalba. Kuma ba baƙon aiki ba ne a ƙasar nan. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, a Jihar Filato, tana nan tun 1924, ta Kaduna mai binciken sammore da ƙudan tsando kuma tun ƙarshen shekarun 1940.

Yau ina so mu yi magana a kan mutumin da ke wanke kejin waɗannan dabbobi. Ba ya shiga hoto ranar yaye ɗalibai, sunansa ba ya fitowa a takardar binciken da aka buga, sau da yawa ma shi ne mafi ƙarancin albashi a sashen. Amma ni a ganina, gaskiyar sakamakon da farfesa zai sa wa hannu tana farawa ne daga bokiti da burushin wannan bawan Allah.

Ɓeran gwaji ma'auni ne, kamar mudun mai hatsi. In mudu ya lotsa, to duk awon da aka yi da shi ranar ya tashi a banza, komai gaskiyar mai awon. Abin da ke lotsa ɓera kuwa yana cikin kejinsa, kuma na farko shi ne zarni.

Masu kiwon kaji sun san wannan warin da ke sa ido hawaye in an daɗe ba a kwashe shimfiɗa ba. Fitsari na sauka a kan dusar katako, ƙwayoyin cutar da ke cikin kashi su hau kansa su narka shi, sai iskar amoniya ta tashi. Zafi da laima na hanzarta abin, shi ya sa kejin da zai yi mako lafiya lau da hunturu, da damina kwana uku ya ishe shi ya ɓaci. Masana lafiyar ma'aikata sun daɗe da sa wa ɗan Adam iyaka, cewa kada amoniya ta wuce kashi 25 cikin miliyan na iskar da zai shaƙa a yinin aiki. To shi mutum a tsaye yake, in ya tashi aiki ya tafi gida. Ɓera kuwa hancinsa a kan shimfiɗar yake dare da rana. In har kai da ka shigo daga ƙofa ka ji zarni ya buge ka, abin da ke cikin kejin ya ninka haka.

A 1976 wasu masu bincike a Amurka, Broderson da abokan aikinsa, suka nuna cewa ɓerayen da ke ɗauke da wata ƙwayar cutar huhu, wadda ta zama ruwan dare a gidajen ɓeraye, ciwon nasu na ƙara tsanani da zarar amoniya ta kai wannan mataki na 25, kuma yana ƙaruwa gwargwadon ƙaruwarta. Shekara uku kafin nan, a 1973, wani likita mai suna Elliot Vesell ya gano abin da ya fi wannan tayar da hankalin mai gwada magani. Ɓerayen da aka bari cikin ƙazantarsu, hantarsu na rage saurin narkar da magani. Ke nan maganin zai daɗe a cikin jini fiye da ƙima. Ku ɗauka ɗaliba ce ta raba ɓerayenta gida biyu, ta ba rukuni ɗaya jiƙon wani saiwa, ɗaya rukunin ta bar shi ba magani domin kwatantawa. In aka yi rashin sa'a an wanke kejin waɗannan ranar Litinin, na waɗancan kuma ruwa ya yanke sai Juma'a, bambancin da za ta gani a jininsu ba ta da hanyar sanin na saiwar ne ko na zarni. Za ta rubuta shi a matsayin aikin saiwa, malaminta ya sa hannu, wani ya karanta ya ɗora nasa binciken a kai.

Ita kanta shimfiɗar magana ce. Vesell ɗin nan tun a 1967 ya lura cewa ɓerayen da ke kwana a kan dusar wasu itatuwa masu ƙamshi, dangin fayin da sida, in aka yi musu allurar barci suna farkawa da wuri fiye da 'yan uwansu. Ƙamshin itacen ne ke zaburar da hanta, ta riƙa cinye maganin da sauri. Wato ƙazanta na rage gudun hanta, wata shimfiɗar kuma tana ƙara mata gudu. Mu kuwa a nan daga ina dusar take zuwa? Daga kasuwar 'yan katako, a buhu, an share ta daga ƙasa, itace kala-kala a gauraye, wani katakon ma an shafe shi da maganin gara. Buhun wannan wata daban, na wata mai zuwa daban. Ban ce a daina amfani da ita ba, domin ita ce muke da ita, kuma shimfiɗar da ake shigowa da ita daga waje ta fi ƙarfin aljihun yawancin sassa. Abin da ake bukata shi ne a tsaya ga mai sayarwa guda da irin itace guda, a zaɓi mai faɗi wadda injin fere katako ke fitarwa, a bar gari mai laushi da ke shiga huhu, a tankaɗe, a busar, in da hali a turara ta a tukunyar tururi. Kuma duk ɓerayen gwaji ɗaya su kwana a kan buhu ɗaya daga farko har ƙarshe.

Akwai wani labari da ya kamata a riƙa ba duk wanda zai fara aiki a ɗakin wanki. A 1998, a jami'ar Case Western da ke birnin Cleveland na Amurka, wata masaniyar gadon halitta mai suna Patricia Hunt tana nazarin ƙwayayen haihuwa na ɓeraye mata. Tana da rukunin lafiyayyu waɗanda ba a yi musu komai ba, kuma a al'ada ƙwai ɗaya ko biyu cikin ɗari ne ke fitowa da tangarɗa a cikinsu. Kwatsam sai adadin ya tashi zuwa kusan 40 cikin ɗari. Ba a canja musu abinci ba, ba wata annoba a ɗakin. Aka yi ta bin diddigi har aka kai ga ɗakin wanki. Ashe wani ma'aikaci ne ya yi kuskure ya wanke keji da gorunan ruwa da sabulun wanke daɓe mai kaifi, a maimakon wanda aka tanada. Sabulun ya ci jikin robar, robar kuma ta fara tsatso wani sinadari da ake kira BPA, yana shiga ruwan shan ɓerayen. Da aka buga sakamakon a 2003 ya zama ɗaya daga cikin binciken da suka sa duniya ta waiwayi wannan sinadari, har ƙasashe da dama suka hana sa shi a robar fidar jarirai.

An gano wannan kuskure ne domin matar ta san yadda lafiyayyun ɓerayenta suke, ta kuma ƙi kawar da kai da ta ga abin ya sauya. A wurare da yawa da sai a ci gaba da aiki, a buga sakamako. Ma'aikacin kuma ba mugunta ya yi ba, yana ƙoƙarin tsafta ne. Ba a yi masa bayanin bambancin sabulan biyu ba, ko an yi bai isa ba. Keji da gorar da suka fara dusashewa, suka yi fari-fari ko suka tsattsage, lokacin yar da su ya yi, domin ba sa wankuwa kuma suna iya zubar da abin da ke jikinsu.

Wankin kansa yana da tsari, kuma tsarin ba mai tsada ba ne. Ana fara kankare shimfiɗa da kashi, sannan a wanke da sabulu da ruwa har sai ba maiƙo, sannan a zo ga maganin kashe ƙwayoyin cuta. Wanda ya tsallake wankin sabulu ya kwarara bilic a kan datti ya yi asarar bilic ɗinsa, domin dattin ne zai shanye ƙarfinsa. Akwai ma haɗari a ciki, saboda bilic in ya haɗu da fitsari yana tayar da iska mai ƙona huhu, a ƙaramin ɗakin da ba taga kuwa tana iya kayar da mutum. In an sa maganin sai a ba shi lokaci, kamar minti goma, a ɗauraye sosai, a kife ya bushe ƙarau kafin a zuba sabuwar shimfiɗa. Inda ake da injin wanki, ruwan zafi ne ke yin aikin, daga digiri 62 zuwa 82. Fitsarin zomo da na ɓeran Masar kuwa yana barin wani farin dasashi mai tauri a jikin tire, wanda sabulu ba ya fitarwa sai an jiƙa shi da ruwa mai tsami. Bakin gorar ruwa ma yana son ɗan siririn burushinsa, kuma gorar wannan keji ba ta komawa wancan sai an wanke ta.

Sai abin da na fi so a daina: yayyafa Izal ko fesa turaren ɗaki domin a danne wari, musamman in an ji baƙi za su zo duba wuri. Warin nan saƙo ne, yana gaya maka shimfiɗa ta jiƙe, ko dabbobi sun yi yawa a keji, ko iska ba ta zagayawa. In ka danne shi, amoniyar tana nan, ka kuma ƙara wa dabbar wani sinadarin da hantarta za ta yi fama da shi.

Littafin jagorar kula da dabbobin bincike da Amurka ke fitarwa tun 1963, wanda bugunsa na takwas ya fito a 2011, shi ne mafi yawan cibiyoyi ke dubawa. Ya ba da shawarar a tsabtace keji mai shimfiɗa aƙalla sau ɗaya a mako, murfinsa na waya kuma aƙalla duk mako biyu, ɗakin ɓeraye ya zauna tsakanin digiri 20 da 26, iskarsa ta sauya sau 10 zuwa 15 a awa guda. Wanda ya san bazarar Sakkwato ko ta Maiduguri, inda zafi ke haura 40, ya san cewa sau ɗaya a mako ba zai wadatar ba in na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya. Dole mai kula ya yi aiki da idonsa da hancinsa, ya duba kusurwar da suke fitsari, ya lura da kejin masu ciwon sukari, waɗanda ke jiƙa shimfiɗa cikin yini guda.

To amma kada a ɗauka yawan wanki shi ne gwaninta. Ɓera da hanci yake gane duniyarsa. Da ƙamshin jikinsa da ɗigon fitsarinsa yake shata gidansa, da su ne mazan ke sanin wane ne babba a keji. Ranar da aka ɗauke shi aka jefa a sabon keji fes, duk wannan ya goge. An auna an gani, bugun zuciya da hawan jinin ɓera na tashi bayan canjin keji, su ɗauki kusan awa guda kafin su sauka. Saboda haka wanda zai auna jini ko ya gwada halayyar dabba bai kamata ya yi shi a ranar wanki ba, kuma ba zai san ranar wanki ba sai in yana magana da mai wankin. Mazan ƙananan ɓeraye kan kaure da faɗa bayan canji, har su yi wa juna rauni. Masu bincike a Utrecht ta ƙasar Holan sun nuna a shekarar 2000 cewa in aka ɗebi ɗan abin da suka yi sheƙa da shi aka mayar musu a sabon kejin, faɗan na raguwa, amma in jiƙaƙƙiyar dusa mai fitsari aka mayar, sai ya ƙaru. Uwar da ta haihu kuwa a ƙyale ta 'yan kwanakin farko, domin in aka dame ta tana iya watsar da 'ya'yan ko ta cinye su. Hatta yadda ake ɗaukar dabbar yana da tasiri. Jane Hurst ta jami'ar Liverpool ta nuna a 2010 cewa ƙananan ɓerayen da ake cafkowa ta wutsiya sun fi zama cikin tsoro a kan waɗanda ake ɗauka a tafin hannu ko a cikin ɗan bututu. Guntun bututun roba bai fi ƙarfin kowane sashe ba.

Duk wannan ilimi ne, kuma wanda ya shekara goma yana canja keji ya san rabinsa da idonsa tun kafin a karanta masa. Shi ne ke fara ganin ɓeran da gashinsa ya tashi, da wanda ya rakuɓe a lungu, da kashin da ya yi ruwa, da gorar da ba a taɓa ba tun jiya. Abin da ya rage a ba shi littafi a rataye a bakin ƙofa, ya riƙa rubuta ranar da ya canja, da abin da ya wanke da shi, da buhun dusar da ya buɗe, da abin da ya gani. Ƙa'idojin ARRIVE, waɗanda aka fitar a Birtaniya a 2010 aka sabunta a 2020, kuma mujallun kimiyya da yawa suka amince da su, suna neman mai bincike ya bayyana yadda aka ajiye dabbobinsa da yadda aka kula da su. Ɗan bincikenmu da ke son aikinsa ya karɓu a waje, wannan littafin bakin ƙofa ne hujjarsa.

Sai lafiyar shi ma'aikacin, wadda ita ce ta fi ci mini rai. A fitsarin ɓera akwai wasu sinadarai da ke bushewa su bi ƙura, kuma lokacin juye tsohuwar shimfiɗa ne suka fi tashi. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta yi gargaɗi a 1998 cewa kusan ɗaya cikin uku na masu aiki da dabbobi na samun atishawa, ko ƙaiƙayin ido, ko borin jini, kusan ɗaya cikin goma kuma abin na kai su ga asma. Mutum zai yi shekaru yana tari, yana cewa sanyi ne, yana sayen maganin mura a kemis. A shekarun 1970 da 1980 ma'aikatan ɗakunan bincike a Japan da Koriya da Beljiyam sun kamu da wata cuta mai zazzaɓi da taɓa ƙoda, daga ɓerayen da a ido lafiyarsu ƙalau. Akwai kuma cutar da ke shiga ta ƙaramin rauni in hannu ya taɓa fitsari, da zazzaɓin cizon ɓera. Kariyar ba wani abin a zo a gani ba ne: safar hannu mai kauri, takunkumi na ƙwarai, takalmin roba, da rigar aiki da za a bari a wurin, kada a tafi da ita gida a rungumi yara. A daina shara a bushe, a riƙa goge daɓe da jiƙaƙƙen tsumma. Kada a ci abinci a ɗakin, kada a ajiye ruwan sha a firjin da ake sa gawar dabba.

Mu a nan muna da ƙarin dalilin yin hattara. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno, ɓeran gida da na daji ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashi. Gidan dabbobin da ke da buhunan abinci a ƙasa, da rami a gindin ƙofa, da silin da ya ɓule, kira yake yi wa ɓeran waje. In ya shigo zai ci daga buhun da ake ciyar da na ciki, ya bar musu ƙuma da tsutsa da duk abin da ya kwaso. Toshe ramuka, da sa raga a taga, da ɗora abinci a kan katako cikin durom mai murfi, duk cikin tsafta suke. Haka ma inda ake kai sharar. Tsohuwar shimfiɗa da gawar dabbar da aka ɗura wa guba ko ƙwayar cuta ba na juji ba ne, inda kare da kaji da yara masu tsince-tsince ke zuwa. Ƙonawa ake yi a wurin da aka tanada, kuma kada a ba mai lambu ita a matsayin taki.

A ƙasashen da suka ci gaba yanzu an koma ga keji mai bututun iska, kowanne da tatacciyar iskarsa, wanda kan kai mako biyu ba a canja ba. Na san shugabannin sassa da yawa na burinsa, kuma abu ne mai kyau. Sai dai rayuwar dabbar da ke ciki a rataye take da wutar lantarki, in wuta ta ɗauke ba janareto ko batir, zafi da gurɓatacciyar iska na taruwa a rufaffen kejin. A wurin da wuta ba ta da tabbas, na fi ganin hikimar a fara da tankin ruwa da ba ya ƙafewa, da kwamin wanki biyu ko uku, da keji na sauyi domin a samu wanda zai bushe yayin da ake amfani da wani, da raba hanya yadda mai datti zai shiga ta ƙofa ɗaya, wankakke ya fita ta wata, kada su haɗu.

Tun 1959 wasu masana biyu na Ingila, Russell da Burch, suka kafa ƙa'idar da duniya ke bi a yau: a maye gurbin dabba da wata hanya in akwai, a rage yawan waɗanda ake amfani da su, a sauƙaƙa wa waɗanda suka zama dole. Ƙazantar keji na karya biyu daga ciki lokaci guda, domin dabbar na wahala, kuma sakamakon da ya rikice sai an maimaita shi da wasu ɓerayen. Mu kuma tun muna yara aka karantar da mu hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. Wanda ya kulle rai a keji ya ɗauki nauyinsa, ko da niyyarsa neman magani ce.

Don haka kirana ga kwamitocin da ke ba da izinin gwaji da dabbobi a jami'o'i da cibiyoyinmu shi ne, kada aikinsu ya tsaya a kan takarda. Su taka su je gidan dabbobin ba tare da sanarwa ba, su buɗe keji, su duba littafin, su tambayi ma'aikacin abin da ya rasa. Duk kuɗin binciken da aka nema da ɓeraye a ciki, a ga layin sabulu da dusa da safar hannu da horar da mai kula a cikin kasafinsa. Kuma kafin a sa hannu a kan kowane gwaji, a rubuta sunan wanda zai zo ranar Asabar da Lahadi, da ranar Sallah da Kirsimeti, da lokacin yajin aiki in an rufe makaranta, a kuma faɗi aljihun da za a biya shi daga ciki.